Yadda Kar-a-motsa Ya Sayi Idon Kifi

Babu mai kiransa da wani suna sai Kar-a-motsa, har da matarsa idan ranta ya ɓaci. Daga bakinsa sunan ya fito, don ita ce maganar da ya fi yi a duniya. Ya faɗa wa 'yan makaranta, ya faɗa wa jariran da ba su san hannunsu ba, ya taɓa faɗa wa wani tsoho da 'ya'yansa suka ɗauko a kan kujera, wanda ko roƙonsa aka yi ba zai iya motsawa ba.

Shagonsa na ɗaukar hoto yana layin teloli, matse tsakanin shagon amininsa tela, Almakashi, da wani kango da kowace shekara ake cewa an kusa gina shi. A ciki akwai labule mai zanen teku da jirgin ruwa, da kujerar katako mai ɗingishi, da tukunyar furen roba wadda ta fito a hotunan rabin mutanen unguwa, ta fi kowa yawan dangi.

Tun zamanin fim ya koyi sana'ar, a ɗakin duhu mai warin da ke bin mutum har gida. Da kyamarar dijital ta shigo, ya yi ta zaginta har sai da masu sayar da fim suka rufe shaguna, sannan ya je a ɓoye ya sayi wata ƙarama ta hannu. Abu guda ya ƙi saki. Ya ɗaura mata tsohon lensinsa na ƙarfe, irin wanda sai mutum ya murɗa zobe da yatsunsa kafin fuska ta fito tar. Samarin da ke yawo da lensi mai saita kansa kuwa ya raɗa musu suna 'yan danna-danna.

"Inji ne ke ganar musu," haka yake cewa duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shago. "Ranar da batir ya mutu, sai a ja su da sanda. Ni idona ne jarina."

Ya faɗi wannan maganar sau da yawa, a gaban mutane da yawa, shi ya sa da jarin ya fara karyewa ya rasa wanda zai gaya wa.

Abin ya soma ne da jarida. Ya lura hannunsa ya yi gajere, duk yadda ya miƙa shi rubutun bai fitowa, sai ya ce masu buga jarida sun rage girman baƙaƙe don tsimin tawada. Daga nan ya koma kan ɗan ƙaramin juyin da ke gefen tagar leƙe ta kyamara, wanda ake daidaita ta da ƙarfin idon mai ita. Yau ya ƙara kaɗan, bayan wata biyu ya ƙara kaɗan, har ranar da juyin ya cije ya ƙi gaba. Tun daga lokacin hotuna suka fara fitowa da jirgin ruwan labule tar, har ana iya ƙirga igiyoyinsa, fuskar mai hoto kuwa dishi-dishi kamar an shafa mata mai.

Wani zai zaci ciniki ya tsaya. Ai sai ƙaruwa ya yi ta wani ɓangaren. Mata masu shekaru suka gano cewa a shagon Kar-a-motsa kaɗai ake wanke hoto a wanke har da tamojin goshi. Suka riƙa zuwa biyu-biyu, suna kawo ƙawaye. Shi kuma da ya ga haka sai ya ba abin suna. Ya ce sabon salo ne, sunansa laushi, kuma ba kowane hannu ke iya shi ba.

A nan ne ƙullin yake. Ba tsoron likitan ido yake ba, kuma tabarau bai fi ƙarfinsa ba. Masu hoto nawa ke sa tabarau suna aikinsu? Amma ranar da ya ɗora gilashi a hanci, ranar duk hotunan da ya sayar da sunan laushi za su tashi daga salo su koma kuskure, a bangon ɗakunan mutane, cikin firem. Mutum yana iya yarda ya tsufa. Yarda cewa shekara biyu yana karɓar yabo a kan makanta, wannan ita ce ta tsaya masa a maƙogwaro.

Ƙungiyar teloli ce ba ta son laushi. Kowace shekara, bayan babban taronsu, Kar-a-motsa ke ɗaukarsu hoton haɗin gwiwa a ofishinsu, wani dogon ɗaki siriri kamar lungu da aka yi wa rufi. Aikin ba wani kuɗi ne da shi ba, amma hoton yana rataye shekara guda a inda kowa ke gani, da sunan shagonsa a ƙasa, kuma daga nan rabin aikinsa ke zuwa. Na bara ya fito da agogon bango ras, teloli kuwa kamar ana hango su ta labulen wanka. Mataimakin shugaba, wanda dama yana da ɗan 'yar'uwa ɗan danna-danna, ya tashi a taro ya ce a canza mai hoto. Ciyaman, ɗan guntun mutum mai son a zauna lafiya, ya ce a ba shi bana kawai. In ta sake fitowa haka, shi ke nan.

Kar-a-motsa ya ɗora laifin a kan ɗakin. Ya ce ya yi matsi, mutum wajen arba'in a lungu, shi kuma bayansa manne da bango, ina lensi zai yi numfashi? Abin da ake bukata shi ne lensi mai faɗin gani. Ya taɓa ji a bakin wani ɗan danna-danna, yana yi kamar ba ya sauraro, cewa akwai wani lensi da ake kira idon kifi, mai kwaso ɗaki gaba ɗaya daga bango zuwa bango. Amma ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba. Yaron ya ƙara da cewa, "Shi fa ko fokas ba ka yi, komai tar yake fitowa."

Ranar da zai je saye, Almakashi ya rufe shago ya ce sai ya raka shi. Almakashi dogo ne, ramamme, ya girme shi da 'yan watanni kuma bai taɓa barin ya manta ba.

"Ba na bukatar rakiya."

"Ba kai zan raka ba, ƙanena. Kuɗin zan raka, kar a cuce su."

Shagon kayan hoto yana hawa na biyu a wani gini na cikin kasuwa. Mai shi wata mace ce da kowa ke kira Madam, mai jiki, mai tabarau masu kauri rataye da sarƙa a wuya. Ta daɗe da sanin Kar-a-motsa, tun tana sayar masa da takardar wanki.

"Yaya, yau kai ne a gidanmu? Ko batir ne ya mutu?"

"Batirin 'ya'yanki dai. Idon kifi nake so. Na hannu, mai sauƙin kuɗi."

Ta karɓi kyamararsa ta cire lensin, ta leƙa ciki. "To, taka mai ƙaramin sensa ce. Ka ga ɗan farantin nan mai sheƙi da ke karɓar hoto? Na manyan kyamarori ya fi wannan girma. Taka tana yanke gefe-gefen abin da lensi ya kawo mata, tsakiya kawai take ci. Don haka ba kowane idon kifi ne zai yi maka ba."

"Na sani," in ji shi, yana kallon wajen da yake zaton farantin yake.

Ta jera guda uku a kan kanta. Na farko babba ne, mai nauyi. Ta ce milimita goma sha biyu ne, an yi shi don manyan kyamarori, a kan tasa zai rasa rabin faɗinsa, ga tsada. Almakashi ya tambayi kuɗin, da ya ji sai ya janye hannunsa daga kan kantar gaba ɗaya ya sa a aljihu.

Na biyu ɗan ƙarami ne kamar murfin kwalba. Ta ɗaura shi ta ɗauki Almakashi, ta juyo musu da sikirin. Ko Kar-a-motsa ya iya ganin abin da ya fito: baƙin fili, da da'ira a tsakiya, cikin da'irar kuma wani abu mai hanci kamar tulu.

"Wannan waye?" in ji Almakashi.

"Kai ne, Baba."

"Allah ya sawwaƙe. Kamar na faɗa rijiya ana leƙo ni."

"Haka yake fitarwa, zagaye. Milimita huɗu da ɗan wani abu. Yara na saye don wasa. Mutum arba'in a cikin wannan, sai dai a ba kowa allura ya nemo kansa."

Na uku shi ne tsaka-tsaki, milimita takwas, gilashin gabansa ya turo waje kamar idon wanda ya ga abin tsoro. Madam ta ce wannan don masu ƙaramin sensa aka yi shi, yana cika hoto daga kusurwa zuwa kusurwa ba baƙin gefe, bakinsa ya dace da kyamararsa, kuma kuɗinsa bai kai rabin na farko ba saboda babu komai na lantarki a cikinsa. Ƙarfe ne da gilashi, da zobe biyu, ɗaya na haske ɗaya na fokas.

Kar-a-motsa ya ɗauka ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya tambayi ƙasar da aka ƙera shi. Ya tambaya ko yana jin zafi, ko murfinsa yana faɗuwa, ko ana samun jakarsa. Ya yi ta kewaya tambayar da ta kawo shi kamar mai kewaya gidan surukai. Madam ta bar shi ya gama kewayen.

"Akwai wani kuma," ta ce, "mai faɗi ne shi ma, ba ya lanƙwasa mutane, kuma yana saita kansa. Da ka ɗan ƙara..."

"Otomatik?" Ya ɗaga murya don Almakashi ya ji da kyau. "Madam, ni kike wa tallan otomatik? Yaushe muka fara raini?"

"Yi haƙuri, Yaya."

"Na haƙura." Ya yi gyaran murya, ya rage sauti. "Shi wannan ɗin, zobensa na fokas, yana da... yana wahalar da mutum? Ba don ni ba. Ko da wani zai ara."

Madam ta sauke tabaranta ta dube shi ta samansu. Ta dubi yadda yake riƙe da lensin nesa da fuskarsa, da yadda ya kanne ido ɗaya.

"Wanda zai ara ɗin," ta ce, "ka gaya masa ya sa zoben haske a kan takwas, ya sa na fokas a kan mita ɗaya, ya cire hannunsa. Daga tsawon hannunsa har ƙarshen duniya komai zai fito. Ko ya rufe ido."

"Raggo ke nan."

"Sosai ma. Bari in saita masa, kar ya sha wahala."

Ta murɗa zoben biyu, ta yanko baƙin salatif ta naɗe su tam. Almakashi ya tambaya na mene ne, ta ce maganin ƙura ne. Daga nan ta yi gargaɗi biyu. Duk wanda ke tsakiya zai kumbura, na gefe kuma zai lanƙwashe. Sannan lensin yana gani har ƙasa, don haka mai ɗauka ya kula da abin da ke kusa da shi. Kar-a-motsa ya ce shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, ba yau za a koya masa tsayuwa ba. Aka yi ciniki, Almakashi ya rage abin da ya rage don kar a ce rakiyarsa ba ta yi amfani ba, suka sauko.

A gida ya ɗaura lensin ya auna ƙofar ɗaki ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Wani ɗan rubutu ya fito a sikirin, siriri kamar sawun tururuwa. Ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya karkata wajen taga, ya jingina kyamarar a kan tebur ya ja da baya. Da ya yi nisan da rubutun zai daina rawa, sai ya yi ƙanƙantar da ba a karanta shi.

Matarsa tana zaune a kan tabarma tana ninke wanki. Tsohuwar malamar firamare ce, ta saba da yaran da ke cewa allo ne ba ya fitowa.

"Maman yara, zo ki ga wani Turanci. Naki ya fi nawa sabunta."

Ta karɓa. "Cewa ta yi babu lensi a jikinta."

"Ga shi kuwa kamar goshin bijimi?"

"To ita dai ba ta ji shi ba. Ba ka ce babu lantarki a cikinsa ba? Ta ina za su gaisa?" Ta shiga lalube cikin jerin rubutun, tana karantawa a hankali, har ta kai inda aka ce a yarda ta ɗauka ko babu lensi. Ta danna ta miƙa masa. "Gwada."

Ya auna ta ya danna, kyamara ta yi ƙyas. Ta karɓa ta duba. Hanci ya riga kowa isowa, kunnuwa sun gudu baya, kuma kowane layi da shekaru suka ja a fuskarta ya fito a lissafe, har da furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi?" in ji shi.

"Ya yi tar." Ta nemo wurin sharewa da kanta ta share. "Ya tafi. Kar ka ƙara auna ni da wannan abin."

Ta san komai, tun kafin shi ya sani. Ita ce ta fara matso masa da gishiri kusa da hannu, ita ce ta koma karanta masa saƙon waya da sunan tana son jin gulma. 'Yarsu ta sha cewa a kai Baba a auna idonsa, ita ce ke cewa a bar shi ya gama shawara da kansa. Ta gaya wa 'yar cewa namiji ba a tura shi. Abin da ba ta gaya mata ba shi ne, shekara biyu ke nan mijinta yana kallonta da safe yana cewa, da gaskiyarsa, "Ke kam kullum ƙara yarinta kike." Ta san daga ina maganar take fitowa. Duk da haka ba ta ga dalilin gaggawa ba.

Ranar taron teloli ya makara, ya fita a gurguje. Ya tarar an gama jawabai, an jera benci, kowa ya sha sabon ɗinki don tallan hannunsa. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, kusa da layin gaba har Ciyaman ya ja gwiwarsa.

"Ba ka yi kusa ba kuwa?"

"Ranka ya daɗe, wannan lensin daga nan yana ganin har abin da mutum ya ci jiya."

Ya zaunar da Ciyaman a tsakiya, daidai saitin gilashin. Mataimaki ya zo zai zauna kusa da shi, Kar-a-motsa ya ce tsawonsa zai tare na baya, ya tura shi can ƙarshen benci, jikin bango. Ya tuna gargaɗin Madam sarai a kan abin da ke samun na gefe. Ya leƙa tagar, ya ga taron launuka, ya ɗora yatsu a kan salatif ya yi kamar yana murɗawa, har da ɗan cije leɓe.

"Kar a motsa."

Ya danna sau da yawa, don ko wani ya ƙifta.

Bayan kwana kaɗan aka kira kwamiti da duk wanda ya samu sarari, aka jingina hoton a kan tebur, babba, cikin firem. Ɗakin da kowa ya sani lungu ne ya zama zaure mai kumburin bango. Kowa ya fito, har da mai shara da ya leƙo ta ƙofa. A tsakiya ga Ciyaman, ƙirji a buɗe, kafaɗu kamar na ɗan dambe, ya fi kowa girma a karo na farko tun da aka haife shi. A can gefe ga Mataimaki, ya lanƙwashe kamar ayaba, kansa na neman shiga silin.

Ciyaman ya tsaya gaban hoton ya rungume hannu. "Wannan," ya ce, "shi ake kira hoto."

Sakatare, wanda shi kaɗai ne a kwamitin bai fara furfura ba, ya sunkuya ya duba ƙasan firem ɗin, ya toshe baki. Ya raɗa wa Mataimaki wani abu. Mataimaki ya miƙe tsaye, fuskarsa ta washe.

"Ranka ya daɗe, ban damu da yadda aka mayar da ni ba. Amma ina da magana. Mutumin nan ba ya gani. Ga shaida ya kawo da hannunsa. Ƙafafunsa sun fito a ƙasan hoton, kuma takalmin dama baƙi ne, na hagu ja. Haka ya zo taronmu, haka ya wanke hoton, haka ya sa a firem ya kawo, bai gani ba. Wannan za mu ci gaba da ba aiki?"

Kar-a-motsa ya tuna gaggawar da ya yi ranar taron. Yana da takalma sau-ciki ƙafa biyu iri ɗaya, baƙi da ja, da ke zama tare a bakin ƙofa. Bai dubi hoton ba, don ya san ko ya duba babu abin da zai ƙaru da shi.

"Ina takalman?" in ji Ciyaman.

"Ga su nan." Mataimaki ya dangwala yatsa a gilashin da ƙarfi.

"Yallaɓai," Sakatare ya ce a hankali, "wannan ƙafar kyamara ce. Ka ɗan matsa hagu."

Mataimaki ya matsa hagu.

"Wannan ɗaya ƙafar kyamarar ce."

Wani ya yi tari a baya. Ciyaman ya sunkuya har hancinsa ya bar tabo a gilashi, ya ja baya, ya karkata kai, ya ce shi dai a ganinsa duka biyun baƙaƙe ne. Ma'aji ya ce a'a, duka jajaye ne. Wani dattijo mai ɗinkin kwat ya ce ai ba takalma ba ne, inuwa ce. Tsofaffin teloli suka yi cincirindo a gaban firem, kowa ya kanne ido, wannan na matsowa, wancan na ja da baya, kamar masu rawar da ba a koya musu ba.

Almakashi ne ya gaji. Ya sa hannu a aljihun ciki, can ƙasa inda ake ɓoye abin kunya, ya zaro wani ɗan kwali, ya buɗe, ya ɗora tabarau a hanci.

"Baƙi da ja ne," ya ce. "Kuma na hagun yana son gyara."

"Kai kuma tun yaushe?" in ji Kar-a-motsa.

"Ya fi shekara uku. Kana zaton da addu'a nake zura allura? Labule nake ja kafin in sa su."

Sai aka ji ƙyas daga wajen Ma'aji. Nasa a cikin safa yake. Dattijo mai kwat ya ciro nasa daga hula. Ciyaman ya duba hagu ya duba dama, ya buɗe jakar takardunsa ya fito da wasu masu ruwan zinariya. Kafin a jima rabin ɗakin na ƙyalli, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa, yanzu da yake ganinsa sosai. Mataimaki kaɗai ya tsaya hannu a aljihu, ya kama wani abu a ciki ya ƙi fito da shi.

Ciyaman ya sake duban hoton ta gilashinsa. Kafaɗun suna nan yadda ya bar su.

"To," ya ce, "abin da muka ce bara shi ne hoto ya fito tar. Ya fito ko bai fito ba?"

"Har ya yi yawa," in ji Ma'aji, wanda ya gano yanzu cewa an ɗauke shi yana hamma.

"Maganar takalmi kuwa, mu teloli ne, ba ta shafe mu ba. In za mu kori duk wanda bai bambance baƙi da ja ba a ɗakin nan, Sakatare kaɗai zai rage, ya yi taro da kansa. A rataye shi. Baɗi ma shi zai ɗauka, da wannan lensin, kuma a nan zan zauna."

Aka hau neman ƙusa. Kar-a-motsa bai yi godiya ba, bai kuma amsa laifin komai ba. Ya matsa kusa da Almakashi ya miƙa hannu.

"Kawo in ga ko na gaske ne. Ana yawan cutar tsofaffi da na jabu."

Ya ɗora su. Hoton ya taso masa gaba ɗaya: zaren da ya zare a wuyan rigar Ma'aji, maɓallin da Sakatare ya tsallake, ƙudan da ya sauka a kafaɗar dattijo mai kwat, da takalmansa biyu a ƙasa, kowanne da launinsa. Ya daɗe a tsaye. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, na gaba da na can baya, babu wadda ta narke.

"Hannu dai hannu ne," ya ce. "Dubi fokas."

"Na gani. Ba ni abina."

"Ban gama bincike ba."

Ya naɗe ƙafafun kyamara ya saɓa a kafaɗa, ya nufi ƙofa da tabaran a hancinsa, yana tafe yana karanta duk wata takarda da ke manne a bango, har da ta hana tofa yawu. Almakashi ya biyo shi yana laluben bakin benci.

"Ƙanena, ina da wando uku da zan kai gobe."

"Zan ara maka su da rana," in ji Kar-a-motsa. "Ka kula, akwai matakala a nan."